Layi Biyun da Kawu Bai Faɗa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu wata Talata da hantsi, cikin kaka, ana tsakar yankan gero, a ɗakinsa da ke fuskantar bishiyar dogon yaro a nan Dakoro. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ban taɓa sanin yawan mutanen da Kawu ya ɓata wa rai ba sai a zaman makokinsa, domin dukansu sun zo. Manoma daga Kornaka suka bar gero a kwance a gona. Fulani suka bar wa 'ya'yansu shanu suka tako da ƙafa. Wani Buzu ya ɗaure raƙuminsa a bakin masallaci, ya zauna yini guda, ya yi addu'a ya tashi. Wani tsohon Bafulatani daga wajen Ajekoriya ya tsaya a ƙofar gida yana cewa, “Sau biyu wanga mutum ya ba ni rashin gaskiya. Sau biyun kuma, walle, ba ni da ita.” A cikin gida wata dattijuwa daga Birnin Lalle tana kuka tana dariya, tana ba mu labari: “Da rana ya ci tuwona har ya yi ƙari, da la'asar ya ce shingena ya shiga burtali, in tayas da shi. Na ce, Malam, tuwon hwa? Ya ce tuwon ya yi daɗi, shingen ne bai yi ba.”

Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta daure har kwana biyu tana karɓar gaisuwa da busasshen ido. Sai da ta ga an ɗauke takalmansa na taya daga bakin ƙofa sannan ta zube.

A rana ta uku babban ɗan Kawu ya leƙo cikin gida ya kira ni gefe. Ya ce dattawa a zaure suna tambaya ko an sanar da Bature. Ya ce, “Ke ce mai rubuta mishi, ke za ki san yadda za a yi.” Na ce to. Amma akwai abin da ni kaɗai na sani a gidan nan. Baturen da suke nufi sanata ne a Amurka, ko in ce ya yi sanata har ya huta. Shekaru masu yawa suna musayar wasiƙa da Kawu, rana ɗaya abin ya yanke, kuma ni na yanke shi. Na ƙara layi biyu a ƙarƙashin wasiƙar Kawu, layin roƙo, da sunansa, ba da saninsa ba. Har yau mutumin nan yana zaune da tunanin cewa Kawu ya roƙe shi alfarma. Wannan rubutu ta'aziyya ce, amma kuma wankin suna ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da Kawun kansa.

Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko na kwana ɗaya. Ajami yake rubutawa, shi ma sai ya matso da takarda dab da hanci. Amma shekara da shekaru shi ne mai ba alƙali shawara kan al'ada a jastis, wato kotun garinmu. Alƙalai sukan zo daga Yamai ko Damagaram da dokar Faransanci a ka, ba su san ciyawar gamba ba balle su san cewa da ita ake raba gona da gona. In rigimar ƙasa ta taso, ko shanu suka yi ɓarna, sai a juya a dubi Kawu. Shi kuwa yana da ɗabi'a guda da ta sha gajiyar da alƙalai: ba ya buɗe baki a kan gonar da bai taka ba. “Gona ba ta zuwa jastis,” in ji shi, “jastis ke zuwa gona.” Sai ya sa takalman taya, ya ɗauki gora, ya tafi. Zai zagaye iyaka sau ɗaya shi kaɗai, sau ɗaya da mai ƙara, sau ɗaya da wanda ake ƙara. Ya ce mutum yakan yi ƙarya a zaune, amma in ka sa shi tafiya a kan iyakar da ya ci, ƙafarsa takan yi sauri a daidai wurin.

Yana da taurin kai, kada a ce don ya mutu na mai da shi waliyyi. Ba ya karɓar gyara a gaban mutane. Fura in ba matarsa, wadda muke kira Inna, ce ta dama ba, sai ya ce ya ƙoshi. Kuma bai iya lallashi ba ko kaɗan. In ka zo masa da kuka sai ya miƙo maka goro ya ce ka tauna tukuna.

Babbar rigimarsa da mahaifiyata a kan burtali ce, hanyar da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki. Bayan rasuwar mahaifina gonarmu ta riƙa matsawa cikinta, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi, har makiyaya suka kai ƙara. Kawu ya je ya taka, ya dawo ya gaya wa alƙali cewa ƙanwarsa ba ta da gaskiya. Aka tumɓuke gero yana bunni. Mahaifiyata ta zo har zaure, ta tsaya a kansa.

“Yaya, marayu gare ni. Ka rasa wanda za ka gwada ma gaskiya sai ni?”

“In ban gwada miki ba, wa zai yarda in gwada mishi?”

Ta yi wata bakwai ba ta taka gidansa ba. Da damina ta zagayo, ba tare da ya ce da kowa komai ba, ya yanki gefen gonarsa mafi kyau, wajen fadama, ya sa aka dasa gamba a tsakani, ya aika a gaya mata ta turo a yi shuka. A shekarar ce kuma ya ɗauke ni riƙo, ya sa ni lakwal. Ba su taɓa zama sun ce a yafe juna ba. Rana ɗaya dai ta aiko masa da dambun zogale, ya ci, magana ta ƙare.

Baturen ya riga ni zuwa gidan. Saurayi ne a lokacin, cikin samarin Amurka da ake turowa aikin sa kai, shi nasa aikin dashen itatuwa ne. Aka rasa inda za a sauke shi, Kawu ya share masa ɗakin da ke jikin zaure. Inna takan ce ranar farko da ya ci miyar kuka da yaji sai da kunnuwansa suka yi ja kamar gauta, amma bai ajiye cokali ba don kunya. Shekara biyu ya yi. Ya koyi Hausa irin tamu har yana cewa “mi kake so”, ya koyi tsuguno, ya kasa koyon cin goro. Itatuwan da ya dasa awaki sun cinye rabi. Abin da ya kama shi da gaske shi ne bin Kawu zuwa gona. Duk inda za a taka iyaka yana biye da ɗan littafinsa, ƙaya na cin ƙafarsa. Kawu yana kiransa “ɗana na Amurka”, mutanen gari kuwa “Baƙon Malam”.

Da ya koma ƙasarsu sai wasiƙu suka fara zuwa, da Hausar boko, sau biyu ko uku a shekara. Da farko wani mushe, malamin lakwal da ke maƙwabtaka da mu, shi ke karantawa yana rubuta amsa. Da na kai aji biyar Kawu ya ce gida ya samu nasa magatakarda. Daga nan aikin ya zama nawa. Mukan zauna da hantsi ƙarƙashin dogon yaro, shi a kan buzu, ni da faranti a cinya a madadin tebur. Yana faɗa ina rubutawa. Bai taɓa cewa in maimaita masa abin da na rubuta ba.

Ta bakin mushe, daga baya ta bakina, Kawu ya bi rayuwar mutumin nan mataki mataki. Ya shiga makarantar koyon shari'a. Ya zama lauyan gwamnati a wani ƙaramin gari, yana gabatar da ƙara. Ya yi aure, ya aiko da hoto, Inna ta duba ta ce amaryar tana buƙatar fura. Sannan ya rubuto cewa zai tsaya zaɓen zama babban lauyan gwamnatin jiharsu, domin a can ƙuri'a ake jefawa a kan wannan kujera. Kawu ya ce in sake karanto wurin. “Zaɓe? Wanda zai kama ɓarawo, ɓarawo na cikin masu zaɓenshi? To, Allah ya kyauta.” Baturen ya faɗi zaɓen a karon farko. Kawu ya ce in rubuta masa cewa faɗuwar gaba ta fi ta baya, kuma ya ci abinci. A karo na biyu ya ci.

Wasiƙar da Kawu ya fi so ita ce ta shari'ar kogi. Wani babban kamfani yana zuba dagwalo a ruwan da manoma ke sha suna ba dabbobinsu, shi kuma ya kai kamfanin kotu da sunan jiha. Ya rubuto cewa kafin ya shigar da ƙara sai da ya ajiye mota, ya bi bakin kogin da ƙafa kwana biyu, sau ɗaya shi kaɗai, sau ɗaya da manoman. Mutanen kamfanin ne kawai suka ƙi tafiya da shi. Kawu ya sa na karanta wannan wasiƙa a zaure gaban dattawa, har sau uku a mako guda, yana gyara zama yana cewa, “Kun ji ko? Sun ƙi tahiya. Shi ke nan, shari'a ta ƙare.” Ban taɓa ganinsa da alfahari irin na ranar ba, ko a sunan jikansa na fari.

Mutane ba su bar shi ya huta ba. Wannan yana son a nema wa ɗansa biza, wancan yana son injin ban ruwa, wani maganin ido. Kawu yakan saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Na ba shi ɗaki, ban sayi wuyanshi ba.” Ko da idonsa na dama ya fara yin yana, Inna ta yi ta fama ya ambata ko da a fakaice, ya ƙi. Ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuma ba zai mai da ɗansa wanzami ba.

Da labari ya zo cewa ya bar kujerar lauya ya ci zaɓen majalisar dattawan ƙasarsu, gari ya ɗauka, har da masu zuwa yi wa Kawu barka. Shi bai yi murna sosai ba. Ya ce lauya gona ɗaya yake takawa a rana, ɗan majalisa kuwa kowa jan rigarsa yake yi. A shekarar na gama lise, wato babbar sakandare, a Maradi, na ci jarrabawar fita ta bak da sakamako mai kyau, kuma kaina ya cika da Amurka. Wata ƙawata ta samu tafiya ta hannun wani ɗan uwansu. Ni kuwa ga sanata guda a aljihun Kawu, yana zaune a kai kamar kaza a kan ƙwai.

Ya kira ni rubuta wasiƙar barka. Ina tuna kalmominta domin sun daɗe suna cina. Ya ce, “Rubuta: yanzu masu roƙo za su yi maka yawa. Wanda ya hi wuyar ƙi shi ne wanda ka ci tuwon gidanshi. In ka iya ƙin wannan, sauran ba su da wuya.” Na rubuta. Ya yi addu'a, ya dangwala sunansa da ajami a ƙasa, ya ba ni in kai gidan waya. A hanya na tsaya a inuwar wani shago, na buɗe, na ƙara layi biyu tsakanin addu'ar da sa hannunsa, inda ya rage fili. Na ce, da bakinsa, ɗiyata ta gama karatu, ina roƙonka ka nema mata makaranta a wajenku, ka sa baki a ba ta takardar shiga. Shekarata goma sha tara, kuma a ganina gyara na yi wa tsoho.

Amsa ta zo bayan wata biyu, ambulan mai kauri. Na karanta gaisuwa, na karanta labarin majalisa, da na iso wurin sai na tsallake. Baturen ya kwafo layi biyun nan yadda suke, ya ce ya ji roƙon Baba, kamar yadda yake kiran Kawu, abu ne da bai saba yi ba, amma ba zai iya ce wa Baba a'a ba. Ga takardun wata jami'a, ga sunan wanda za a nema a ofishin jakadancinsu a Yamai. Na yi niyyar ɓoye takardun in san yadda zan yi daga baya. Kawu ya miƙo hannu, ya karɓi ambulan ɗin duka, ya sa a aljihun riga. Da la'asar na hango shi ya nufi gidan tsohon mushe.

Na jira faɗa, na jira duka, na jira a kira mahaifiyata. Ba abin da ya zo. Washegari ya tambaye ni ko na ba tumaki ruwa. Da lokaci ya yi ya raka ni tasha da kansa na tafi jami'a a Yamai, na dawo na zama malamar lakwal, ya aurar da ni, ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Amma bai sake kira na ƙarƙashin dogon yaro ba. Wasiƙa biyu sun ƙara zuwa daga Amurka, ban san wanda ya karanta masa ba, kuma ba a amsa ba. In an ambaci majalisar Amurka a rediyo sai ya ɗaga hannu a yi shiru, ya kara kunne, ko da ba za a faɗi sunan ɗansa ba. Da dattawa suka tambaye shi labarin Bature sai ya ce manya ba su da lokaci. Ni ina jin haka ina sunkuyar da kai, shekara ashirin da wani abu.

Da daminar da ta wuce, jikinsa ya yi nauyi, idanu duka sun tafi. Wata rana bayan azahar ina zaune kusa da shi ina ɓarar gyaɗa, Inna ta shiga maƙwabta, sai na ji in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba har abada.

“Kawu, akwai abin da na yi maka tun ina budurwa.”

“Layi biyu,” ya ce. “Mushe ya ƙirga mini su.”

Na fashe da kuka. Ya lalubo goro a aljihu ya miƙo wajen da yake jin muryata, ya ce in tauna tukuna. Sannan ya ce tun ina karatun ya gane. “Kin zo wani wuri kinka yi sauri. Shekara nawa ina tahiya da mutane a kan iyaka?”

Na tambaye shi ko ya sa mushe ya rubuta wa Baturen amsa a ranar, da abin da ya faɗa a ciki. Ya ce, “Na ce mishi ni na roƙa. Na ce son ɗiya ne ya rinjaye ni, na janye, kada ya sa baki, ya yahe mini.”

“Don mi ba ka ce ni ce ba, Kawu? Ai da ya gane.”

“Shi yana da majalisa, ni ina da hurhura. Ke a lokacin mi gare ki ban da sunanki? In ce ma baƙo ɗiyata maƙaryaciya ce?”

Na ce to me ya hana su ci gaba da zumunci, tunda ya janye. Sai ya ce, “Da ya ƙi, da mun ci gaba. Amma ya amsa. A takarda ɗaya na ce mishi ya ƙi mai tuwo, a takardar kuma mai tuwo ya roƙa, ya kasa ƙi. Na sa shi ya karya abin da na koya mishi. Bayan wannan duk gaisuwar da na aika, sai ya duba ƙasanta ya ga mi nike so. Ban iya zama mishi haka ba.” Ya juyar da fuska wajen bango ya ce, “Na yi kewar yaron nan ƙwarai.”

Na roƙe shi ya bar ni in rubuta in faɗi gaskiya. Ya ce muddin yana numfashi, a'a, domin ba zai ƙaryata kansa a gaban ɗansa sau biyu ba. “In na tahi, bakinki naki ne.” Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun kafin ya iso ƙofar mushe, kuma in ci gaba da ɓarar gyaɗata kada kaji su riga ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban yi asarar komai ba. Na yi karatu, na yi aure, ina da aiki, mutane suna gaishe ni da mutunci. Shi ne ya biya, da abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa, kuma bai taɓa ko ɗaure mini fuska ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari fiye da duk gonar da ya taka, Ya ba Inna da mahaifiyata haƙurin rashinsa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Babban ɗan Kawu ya bincika a salula, ya ce tsohon sanatan yana raye, ya bar siyasa, kuma akwai inda za a aika masa saƙo ya samu. Ban sani ba ko Hausarsa tana nan. In ta gudu, ya nemi mai karanta masa, amma ya ce a karanta duka, kada a tsallake ko layi ɗaya. Saboda haka sauran maganar da kai nake, Yaya, tunda ɗan Kawu yayana ne.

Babanka na Dakoro ya rasu cikin kaka. Bai yi fushi da kai ba ko na yini guda, kuma har ya makance yana sa a yi shiru in an ambaci majalisarku. Wasiƙar da ta ce ya roƙa ya janye, rufa mini asiri ya yi. Layi biyun nan na ƙasa, kafin sa hannunsa, ba daga bakinsa suka fito ba. Tun daga ranar da ya share maka ɗaki har ranar da aka ɗauke shi, bai roƙe ka ko allura ba. Ni ce na rubuta su.